Wace manhajar GPS zan ɗora a laftof don tafiyar ƙauyuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ɗan kamfanin haƙa rijiyar burtsatse da ɗora famfo mai aiki da hasken rana, kuma aikinmu ya fi yawa a ƙauyukan Jigawa da Yobe. Da mun sauka daga kwalta sai sabis ya ɗauke, Google Maps ɗin waya ya tsaya cak. Ina da laftof mai Windows, ina so in riƙa tsara hanya a kansa, in kuma riƙa ɗaukarsa a mota yana nuna mana inda muke. Wani ya ambata min Microsoft Streets & Trips. Wace manhaja ce ta fi dacewa, kuma me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara sallamar Streets & Trips, don kada ka ɓata kuɗinka. Kamfanin Microsoft ya daina sayar da ita tun 2014, bugunta na ƙarshe na 2013 ne, kuma ko a zamanin da take tashe taswirar Arewacin Amurka ce a cikinta. Ko wani ya ɗora maka ita kyauta, ba za ka ga Gumel ko Gashuwa da hanyoyinsu ba. Haka Street Atlas USA ta kamfanin DeLorme, wanda Garmin ya saye a 2016, ita ma ta kwanta dama. Garmin da kansa ya taɓa yin nRoute da Mobile PC don laftof, duk ya watsar. Manhajar Maps da ke zuwa da Windows, wadda ake iya sauke taswira a cikinta, ita ma Microsoft ya janye ta a 2025. Waya ce ta cinye wannan kasuwar. Saboda haka idan ka shiga intanet ka tarar da tsofaffin rubuce-rubuce ana yabon waɗannan sunaye, ka duba shekarar da aka rubuta su kafin ka ɗauka.

Abin da ya rage bai da yawa, amma ya ishe ka. Sai dai ina ganin tambayar ta fara daga inda bai kamata ba. A irin wuraren da kake shiga, ba manhaja ce ke yanke hukunci ba, taswirar da ke ƙarƙashinta ce. Manhaja mafi tsada a duniya, in taswirarta ba ta san akwai hanyar burji tsakanin ƙauye kaza da ƙauye kaza ba, to babu abin da za ta tsinana maka. Sannan abin da ka kira aiki ɗaya, a gaskiya uku ne: tsara hanya kafin a tashi, sanin inda ake a lokacin tafiya, da muryar da ke cewa yi dama, yi hagu. Laftof ya fi waya nesa ba kusa ba a na farko, yana da amfani ƙwarai a na biyu, a na uku kuwa waya ta fi shi sauƙi da aminci. Wanda ya nace sai manhaja ɗaya ta yi masa duka ukun, yawanci yakan ƙare da wadda ba ta iya ko ɗaya da kyau.

Kafin manhaja, akwai ƙarfe. Mafi yawan laftof ba su da na'urar GPS a ciki. Ɗigon da kake gani a burauza yana nuna "inda kake" ƙiyasi ne daga Wi-Fi da adireshin intanet, shi ya sa wani lokaci kana zaune a Dutse ya ce kana Legas. Abin da kake buƙata ƙaramar na'ura ce mai kebul na USB, girmanta bai wuce murfin kwalba mai faɗi ba, da mayen ƙarfe a gindinta don ta manne a rufin mota. Wadda ta fi suna ita ce GlobalSat BU-353. Akwai masu araha irin VK-162 da ke da ƙwaƙwalwar u-blox, su ma suna aiki. In kana da zaɓi, ɗauki wadda ke jin taurarin GLONASS na Rasha ko Galileo na Turai ko BeiDou na Sin baya ga GPS na Amurka, domin yawan taurarin da take gani shi ke sa ta kama wuri da sauri. Ka kuma yi hattara da tsohuwar na'ura ta gwanjo: ranar 6 ga Afrilu 2019 ma'aunin makonnin GPS ya cika ya koma sifili, wasu tsofaffin na'urori suka koma nuna kwanan wata na kusan shekara ashirin baya. Wurin da suke nunawa kan iya zama daidai, amma duk sawun da ka ajiye zai fito da ranar ƙarya.

Wannan na'ura ba ruwanta da layin waya ko data. Sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a tsayin kusan kilomita 20,200, kowanne yana shelar lokacinsa da matsayinsa, na'urarka kuma tana lissafi da aƙalla huɗu daga cikinsu ta fitar da inda take. Shi ya sa ko a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, GPS bai daina aiki ba. Abin da ke mutuwa a wayarka in sabis ya ɗauke taswira ce, ba GPS ba. A fili babu rufi, kuskurenta bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, tun bayan da Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan a watan Mayun 2000. Hadari ko ƙurar hunturu ba sa hana ta. Rufin kwano, ƙarƙashin gada, da wani irin gilashin mota mai rufin ƙarfe-ƙarfe su ne ke hana ta. Don haka a waje take so, a saman mota, ba a aljihun dashbod ba.

A nan ne mutane suka fi cewa "na'urar ba ta aiki", alhali lafiyarta ƙalau. Idan ka soka ta, Windows yakan ba ta ƙofa mai suna COM da lamba, misali COM4. Shiga Device Manager ka ga lambar. Ta wannan ƙofa take turo layukan rubutu da ake kira NMEA 0183, kowane daƙiƙa, masu farawa da irin su $GPRMC ko $GNGGA. Dole ka gaya wa manhajarka lambar ƙofar da kuma saurin turowar: BU-353-S4 a 4800 take, masu u-blox yawanci 9600. Ka kuskure ɗaya, ba za ka ga komai ba. Ka canza ramin USB ɗin da ka saba sokawa, lambar ƙofar na iya canzawa, don haka zaɓi rami ɗaya ka tsaya a kai. Kuma ƙofar nan kamar famfo mai baki ɗaya ce, bokiti ɗaya take cikawa a lokaci guda. In Google Earth ya riƙe ta, wata manhajar ba za ta samu ba, sai ka sa abin raba ta irin GpsGate Splitter. Wani abin dariya da ke faruwa: wani lokaci in aka kunna laftof da na'urar a jiki, Windows kan ɗauke ta a matsayin linzamin kwamfuta, sai ka ga kibiya tana tsalle a allo tana buɗe abubuwa da kanta. Ba aljanu ba ne, ba kuma cutar kwamfuta ba. Cire ta, ka sake sokawa bayan Windows ya gama tashi, ko ka kashe "Microsoft Serial BallPoint" a Device Manager. Karon farko kuma ka ba ta lokaci a fili, mota a tsaye. Tattara cikakken jadawalin taurari kan ɗauki minti goma sha biyu da rabi, ko da yake yawanci takan kama wuri tun kafin nan.

Yanzu taswira, inda zancen yake. Don aiki babu intanet a Najeriya, kusan duk manhajojin kyauta daga rijiya ɗaya suke sha: OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa. Ingancinta a Arewa ba ɗaya ba ne. Cikin Kano da Kaduna da Maiduguri da manyan hanyoyi ta yi kyau. Wasu ƙananan hukumomi an zana su har lungu, wasu kuma da ka bar kwalta sai fili fetal. Aikin rigakafin shan inna ya taimaka sosai wajen sanin inda ƙauyuka da rugage suke, domin ƙungiyoyi irin eHealth Africa da ke Kano sun yi shekaru suna tattara wuraren zama don masu allura kada su tsallake kowa, kuma shirin GRID3 yana bayar da bayanan ƙauyuka da asibitoci da makarantu na Najeriya kyauta. Amma sanin inda ƙauye yake daban, sanin hanyar da mota mai ɗauke da injin haƙa za ta bi ta isa can daban.

Saboda haka ga gwajin da nake ba kowa kafin ya sauke ko ya sayi wani abu. Rubuta ƙauyuka goma da ka riga ka je, waɗanda ka san hanyarsu kamar tafin hannunka, ka haɗa da mafi wuya. Buɗe shafin openstreetmap.org inda kake da data, ka neme su ɗaya bayan ɗaya, ka nemi hanya daga ofishinku zuwa kowanne. In ya samu takwas ya kuma bi da kai inda direbanku ke bi, to manhaja mai lissafa hanya da kanta za ta yi maka amfani. In uku kawai ya samu, to kada ka ɗora rai a kan lissafin hanya, hoton tauraron ɗan'adam da sawun tafiyarku su ne taswirarka. Kada ma ka yarda da neman suna. Tudun Wada nawa ne a Arewa? Sabon Gari fa? Ga kuma bambancin rubutu, wani ya sa Hadejia, wani Haɗeja, wani ya haɗa sunan ƙauye wani ya raba. Ka saba da aiki da lambobin wuri. Duk wanda ya kira ku aiki, a ce ya turo lambobin ta WhatsApp ko a aika yaro da waya ya ɗauko.

In gwajin ya yi kyau kuma kana son laftof ya riƙa magana, abin da zan ce ka fara da shi shi ne PC Navigator na MapFactor, wani kamfani a ƙasar Czech. Yana daga cikin 'yan kaɗan da aka gina don Windows a cikin mota: maɓallai manya, murya, sake lissafin hanya in ka kauce, kuma taswirar tana zaune a cikin kwamfutarka. Akwai na kyauta mai taswirar OpenStreetMap, akwai na kuɗi mai taswirar TomTom. Fara da na kyauta. Ban ga dalilin biyan kuɗi don taswirar kasuwanci ba sai ka tabbatar da idonka cewa ta fi sanin ƙauyukanka, kuma a karkara ba kasafai take fi ba. Abu biyu za ka gyara a saitinsa tun ranar farko. Ka ba shi izinin bin hanyar da ba kwalta, in ba haka ba zai zagaya da kai kilomita hamsin don gudun burji na kilomita biyar. Sannan ka rage saurin da yake ƙiyasta wa ƙananan hanyoyi. Shi a lissafinsa hanya hanya ce, bai san rami ba, bai san yashi ba, bai san shingen bincike ba. Lokacin isa da zai nuna maka, ɗauke shi a matsayin fatan alheri. Akwai kuma Navit, kyauta ce, amma saita ta sai mai haƙuri da gyaran fayil da hannu, ban ba ka shawarar ta ba.

Amma a ganina, ga mai aiki irin naka, manhajar da za ta fi biyan ka ita ce Google Earth Pro, wadda ta zama kyauta tun 2015. Ba ta cewa yi dama ko hagu. Abin da take yi ya fi wannan: tana nuna maka ƙasar kanta. Da daddare a ofis, inda akwai data, sai ka bi hanyar gobe da ido daga kwalta har bakin ƙauyen. Za ka ga inda burji ya ƙare, inda hanya ta tsallaka rafi babu kwalbati, inda ta shige tsakanin gonaki ta tsuke har babbar mota ba za ta iya juyawa ba. A ƙasan allo akwai ranar da aka ɗauki hoton, ka riƙa duba ta. Akwai kuma alamar agogo a sama da ke ba ka tsofaffin hotunan wuri guda. Wannan ya fi komai amfani a yankin fadamar Haɗeja da Nguru: ja shi ka samu hoton watan Satumba ko Oktoba, ka kwatanta da na Maris. Hanyar da take fes da rani, sai ka ga da kaka ruwa ne shimfiɗe da kachalla. Babu manhajar lissafin hanya da za ta gaya maka wannan.

Tana kuma iya aiki babu intanet, in ka san dabarar. Duk wurin da ka kalla, takan ajiye hotonsa a rumbunta na wucin gadi, wanda iyakarsa gigabayit 2 ne. Shiga saiti ka kai shi maƙura, sannan ka bi hanyar a hankali, a kusancin da kake so ka gani gobe, kana jira hoto ya washe kafin ka matsa gaba. In ka gama, sai ka kashe Wi-Fi ka sake buɗewa don ka tabbatar ya zauna. A mota sai ka shiga Tools, GPS, Realtime, ka zaɓi NMEA, ɗigonka ya fito a kan hoton. Rauninsa shi ne rumbun yana cika, sabo ya ture tsoho ba sallama. Don haka shirin tafiya ɗaya ake yi, ba na jiha guda ba.

Don ajiya da tsari kuwa, wato inda za ka tara wuraren rijiyoyinku da hanyoyin da kuka bi, akwai QMapShack da Garmin BaseCamp, duka kyauta. BaseCamp ta fi sauƙin koyo, amma Garmin ya daɗe da rage kula da ita, kuma ba a yi ta don jagora a cikin mota ba. QMapShack ta fi ƙarfi: za ka sauke fayil ɗin OpenStreetMap na Najeriya daga shafin intanet na Geofabrik, ta gina maka injin lissafin hanya mai suna Routino a cikin kwamfutarka, ka riƙa tsara tafiya ko a tsakiyar daji. Tana son a zauna a koye ta na 'yan kwanaki. In akwai mai ilimin taswira a cikin ma'aikatanku, wataƙila ya riga ya san QGIS, ita ma tana karɓar GPS kai tsaye, kuma a nan ne bayanan GRID3 suka fi daɗin buɗewa. OziExplorer, ta ƙasar Ostireliya, ta kuɗi ce kuma tsohuwar hannu ce wajen abu ɗaya: ka ɗauki hoton taswirar takarda, ka nuna mata lambobin wasu wurare a jiki, ta mayar da ita taswira mai motsi. Ba ta lissafa hanya. In kuna amfani da tsofaffin taswirorin safiyo ko na binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, tana da rana.

Tunda na ambaci tsofaffin taswirori, ga wani tarko da ya shafi masu haƙa musamman. GPS da Google Earth da OpenStreetMap duk a ma'aunin WGS84 suke. Taswirorin safiyo na Najeriya na da, da takardun filaye da yawa, a ma'aunin Minna suke. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu ba wuri ɗaya ba ne, tazarar kan kai gomman mitoci. A tuƙi wannan ba komai ba ne. A haƙa kuwa, yana iya zama bambancin filin makaranta da gonar maƙwabci, ko ka kauce wa daidai inda mai binciken ruwa ya nuna. Duk wanda ya ba ka lambobi, tambaye shi ma'aunin. In lambobin UTM ne, wato tsarin da ke ba da wuri a mitoci shiyya-shiyya maimakon digiri, tambayi shiyya: Kano da Dutse da Haɗeja suna shiyya ta 32, amma Geidam tana dab da layin digiri 12 gabas, da ka wuce shi kuwa, kamar Maiduguri, an shiga ta 33. Haka kuma 12.30 ba ɗaya yake da digiri 12 da minti 30 ba. Na biyun 12.50 ne, tazarar ta haura kilomita ashirin. Ku tsayar da salo ɗaya a kamfaninku, ni na fi son digiri mai ɗigo, kowa ya bi shi.

Sai bambancin da in ka gane shi, rabin wahalarka ta ƙare. A fayil ɗin GPX, wanda kusan duk manhajojin nan ke karantawa, abu uku ake ajiyewa: alamar wuri, tsararriyar hanya, da sawu. Tsararriyar hanya 'yan wurare ne kawai da ka ce a bi, kowace manhaja sai ta cike tsakaninsu da taswirarta. Shi ya sa za ka tsara hanya a laftof, ka tura wa direba, wayarsa ta lissafa wata dabam. Sawu kuwa dubban ɗigogi ne na inda taya ta taka da gaske, ba mai sake lissafa shi. A arewacin Yobe, wajen Yusufari da Machina, inda sawun motoci kan rabu gida biyar a cikin yashi kowanne ya yi kama da hanya, sawun da kuka ajiye ranar da ɗan gari ya raka ku ya fi kowace taswira daraja. Don haka doka ta farko a motarku ita ce kada ta tashi sai an kunna ajiye sawu. Da an dawo a sauke shi, a sa masa suna mai ma'ana: ƙauye, wata, da irin motar da ta bi. A sa alama a inda aka kafe, inda ake samun mai, inda sabis ke dawowa. Cikin shekara guda za ku mallaki taswirar da babu mai sayar da irinta. Google Earth da wani nau'in fayil mai suna KML yake aiki, amma yana buɗe GPX, kuma manhajar GPSBabel na juya wannan zuwa wancan. Fayilolin nan kuma ku riƙe su kamar takardun kuɗi. Suna nuna inda ma'aikatanku ke bi da lokacin da suke bi, ba abin watsawa a zauren WhatsApp ba ne a wannan zamani.

Game da jera ƙauyuka da yawa a tafiya ɗaya, akwai manhajojin da ke lissafa wanne za a fara da wanne za a ƙare, Google Maps kuma wuri goma kawai yake karɓa a hanya ɗaya. Ni ban cika damuwa da wannan ba a karkara. Lissafin bai san Alhamis ce kasuwar Maigatari ba, bai san Juma'a Wudil ba ta wucuwa da sauri ba, bai san mai gari ba ya nan sai bayan la'asar ba. Jera su da hannunka a kan allo mai faɗi, wannan shi ne amfanin laftof. Abu mafi nauyi kuma, babu manhajar da ta san tsaro. In ka ce mata gajeriyar hanya, za ta iya cusa ka dajin da direbobin haya suka daina bi tun bara. Duk hanyar da ba ku taɓa bi ba, a tambayi 'yan tasha da mutanen garin da za ku, ranar tafiyar, ba makon jiya ba. In maganarsu ta saɓa da allo, allon ne ya yi kuskure.

Laftof a mota kuma yana da nasa sharuɗɗa. Direba ba ya kallonsa, na gefe ne mai riƙe shi, kuma kada a kafa shi a gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, canza shi da SSD, wato ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, kafin burji ya kashe shi. Allon laftof na ofis ba ya ganuwa sosai a ranar Afrilu, kuma zafin mota a rufe yana lalata batir, kada a bar shi a kujera a tafi aiki. Masu wannan sana'a da gaske sukan nemi Panasonic Toughbook ko Dell Latitude Rugged, ko na hannu ne, saboda allonsu mai haske da jure ƙura, wasunsu ma da GPS a ciki. Wajen wuta, cajar mota da aka yi don laftof ɗinka, ko ta USB-C in yana karɓa, ta fi inbata mai araha: ba asarar juya wuta sau biyu, ba ƙara, ba zafi. Laftof na cin wat 45 zuwa 65, ramin kunna sigari na iya ɗauka. Amma duba motar tukuna, Hilux bolt 12 ce, manyan motocin da ke ɗaukar injin haƙa da yawa 24 ne, ka soka cajar 12 a can sai hayaƙi. In kun doso shingen jami'an tsaro, a rufe laftof, a sa katin aiki da takardar kwangila kusa. Hoton tauraron ɗan'adam a buɗe da kebul a rufin mota na jawo tambayoyin da za su ci muku awa guda.

Da ni ne a matsayinka, ga yadda zan haɗa su. Laftof ya ɗauki Google Earth Pro da QMapShack don tsarawa da ajiya, da PC Navigator na kyauta don ranar da ake so a ga hanya a babban allo. Wayar direba kuma ta ɗauki OsmAnd ko Organic Maps, a sauke taswirar Najeriya tun a gari. Su ma OpenStreetMap suke amfani da ita, don haka hanyoyin da ka gani a PC Navigator ko QMapShack su zai gani, kuma duka suna buɗe GPX. Ka tura masa sawu, ba tsararriyar hanya ba. Kuɗin da za ka kashe na na'urar USB ne da caja da SSD, sai maƙalin waya mai ƙarfi. Kafin tafiya ta gaske, ku gwada komai a hanyar da kuka sani, Wi-Fi da data a kashe, ku ga ko ɗigon na bin kwalta, ko sawun ya ajiyu, ko cajar na riƙe batir injin na aiki. Hanyar burjin da kuka tarar babu ita a taswira kuma, za ka iya buɗe asusu a OpenStreetMap ka ɗora sawunku ka zana ta, in ba ta da matsalar tsaro. Bayan sabuntawa ta gaba za ta fito a wayar direbanka. Sharaɗinsu dai shi ne daga sawunka ko hotunan da suka ba da izini za ka zana, ba a kwafa daga Google.